Kama da Wane Ba Ta Wane: Martani Kan Suɗaɗɗiyar Taya

Kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala yana kare direbobin hayar da ke bin hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, su ratsa dajin Falgore su faɗa Saminaka, daga abin da ya kira fitinar jami'an hanya a kan maganar taya. Daga yadda yake ambaton kwanoni da gangarorin hanyar ka san ba labari aka ba shi ba, ya sha zama a kujerar gaba. Ban san shi ba, kuma ba wata jiƙaƙƙa tsakaninmu. Amma maganar tasa ta kai tasha, ana karanta wa direbobi suna gyaɗa kai, har wani na cewa ashe dai Turawan ma suɗaɗɗiya suke hawa. Maganar da ta tsaya a takarda ana iya ƙyale ta. Wadda ta shiga mota da fasinja, dole a tanka.

Ga abin da Malam ya ce, kuma zan kawo shi yadda ya faɗa ba tare da na rage masa ƙarfi ba. Ya ce motocin da suka fi kowace mota gudu a duniya, na gasar Formula 1, tayoyinsu sumul suke ba zane ko ɗaya, domin yawan robar da ta taɓa kwalta shi ne yawan riƙonta. Tun da a ƙasarmu fiye da rabin shekara ba a ganin ɗigon ruwa, ya ce tayar da zanenta ya cinye ba abin tsoro ba ce, ta ma fi sabuwa kama ƙasa da rani. Ya ce tayar Beljiyam ta babban kamfani, wadda aka ƙera domin manyan titunan Jamus inda a wasu wurare ba a ƙayyade gudu, ta fi sabuwa mai araha da ba wanda ya san kamfaninta. Ya ce direbobinmu da ke cika wa taya iska ta yi tauri sun san abin da suke yi, domin ta fi ɗaukar kaya, ta fi gudu, ta fi rage shan mai. Daga ƙarshe ya ce mota hannu ce, gwanin direba da kowace taya zai kai ka gida, dajin Falgore ba wurin jan ƙafa ba ne, kuma ajali idan ya zo ko sabuwar taya fil a leda ba ta tare shi.

Ba duk ya yi kuskure ba. Gaskiya ne taya ta yi tsada, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Gaskiya ne ƙasar da take da itatuwan roba a kudancinta ta wayi gari tana sayo tayar mota daga waje, bayan Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Legas a 2008. Gaskiya ne kuma direban da ke biyan balas kullum yamma ba shi ne ya kamata a fara shaƙewa ba. Har ma zan ƙara masa da wata gaskiyar da masu sukarsa ba sa son faɗa: a kan busasshiyar kwalta mai santsin aiki, tayar da zanenta ya ragu, in dai robarta ba ta tsufa ba, tana iya tsayar da mota kamar sabuwa. Iyakar gaskiyarsa ke nan. Abin da ya ɗora a kanta shi ne ya rushe.

Mu fara da motar tseren, tun da ita ce ginshiƙin maganar. Malam, tayar da ka gani sumul a talabijin ba suɗewa ta yi ba, haka aka haife ta. Robarta na nan cike da kaurinta, sabuwa ce, mai laushi, an haɗa ta ne domin ta yi danƙo idan ta ɗauki zafi kusan na tafasasshen ruwa. Kafin a ɗaura ta sai an lulluɓe ta da bargon lantarki an ɗumama ta, don idan ta fita da sanyinta ko gwanin gwanaye sai ta yi wasa da shi. Tsawon tseren gaba ɗaya kilomita 305 ne ko ɗan sama da haka, kusan tafiyar Kano zuwa Jos, amma a wannan ɗan taƙin doka ta tilasta wa direba ya tsaya ya canza taya aƙalla sau ɗaya idan ba a yi ruwa ba. Kamfanin Pirelli, wanda shi kaɗai yake ba gasar taya tun 2011, yana ware wa kowane direba saiti 13 na busasshiyar kwalta domin kwana uku kacal. Tayar da ka zo kana karewa fa? Shekara nawa ta yi tana shan ranar Kiru? Sau nawa ta kwanta a gaban mai faci? Ita robar da ta rage mata ta bushe ta yi tauri, tsakaninta da wayar ƙarfen da ke ciki bai fi kaurin fatar ganga ba. Wannan da waccan ba abin da ya haɗa su sai baƙi da zagaye. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Malam ya kalli tsere har ya ga tayar rani, amma idonsa ya tsallake tarin tayoyin da ke jingine a bayan makanikai. Akwai mai koren layi, mai zane matsakaici, ta yayyafi da jiƙaƙƙiyar kwalta. Akwai mai shuɗin layi, mai zurfin zane, ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, wadda kamfanin ya ce guda ɗaya tana iya watsar da lita 85 ta ruwa a daƙiƙa ɗaya idan motar na gudun kilomita 300 a awa. Me zai sa mutanen da suka fi kowa son taya sumul su riƙa yawo da waɗannan daga ƙasa zuwa ƙasa? Saboda sun san ranar da hadari ya haɗo, abar da suke taƙama da ita ta zama makashinsu.

An gani ƙiri-ƙiri a Sochi ta ƙasar Rasha ranar 26 ga Satumba 2021. Lando Norris, yaro ɗan shekara 21, yana gaba, saura 'yan zagaye kaɗan ya ci tsere karo na farko a rayuwarsa, sai aka fara yayyafi. Mutanensa suka yi masa magana ta rediyo kan ya shigo a sa masa mai zane, ya ce a'a, zai lallaɓa. Lewis Hamilton da ke bayansa ya shiga ya canza. Ruwa ya ƙaru. Duniya na kallo motar Norris ta riƙa zamewa har ta bar hanya, sitiyari na hannunsa amma ba ya jin maganarsa. Ya ƙare a na bakwai, Hamilton ya ci nasararsa ta 100. To Malam, kai da ka ce mota hannu ce, hannun wa ya fi na wannan yaro a tashar Tudun Wada? Shi da aka rene shi a kan sitiyari tun yana ƙarami, da sabuwar taya, a kan kwaltar da ba rami ko ɗaya, ba shanu, ba tirela mai tahowa ta gabansa, sumul ɗin ta ci amanarsa cikin minti kaɗan. Wata ɗaya kafin wannan, a ƙasar Beljiyam ɗin da muke jingina wa tsofaffin tayoyinmu, ruwa ya hana tsere gaba ɗaya a filin Spa. Motocin na sanye da tayar ruwa mafi zurfin zane, amma aka ɗan zaga a hankali bayan motar tsaro aka ce kowa ya tafi gida.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Zanen da ke jikinta lambatu ne, aikinsa ya kwashe ruwan da ke gabanta ya fitar ta gefe domin roba ta samu ta taka kwalta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan lambatun ya cike, ruwan ba shi da mafita, sai ya taru a gaban tayar ya ɗaga ta. Daga nan motar ba a kan hanya take ba, a kan ruwa take. Direba zai ji sitiyari ya yi sakayau, ya murɗa ba ta juya ba, ya taka birki ba abin da ya kama. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. A Turai doka ta hana hawa wadda ta gaza milimita 1.6, kuma da yawa daga masana can suna ba da shawarar a cire ta tun tana milimita 3 saboda ruwa. A nan kuwa sai waya ta leƙo ake fara shawarar ko a mayar da ita baya.

Malam ya ce ai mu ƙasar rani ce. Da a ce hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure yake magana da sai in ɗan saurara. Amma Doguwa? Kudancin jihar Kano ya fi arewacinta samun ruwa nesa ba kusa ba, damina ta fi saurin sauka can kuma ta fi daɗewa. Ruwan da ya cika madatsar Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, daga ina yake zuwa in ba daga waɗannan duwatsu da dazuzzuka da Kogin Kano ya ratso ba? Wanda ya taɓa shiga Falgore a cikin marka ya san yadda ake baro Kwanar Dangora rana na dukan gilashi, kafin a kai tsakiyar daji gari ya rufe, itatuwa sun yi wa hanya rumfa, kwalta ta ƙi bushewa, ruwa ya kwanta a sawun da manyan motoci suka lotsa. Ta wajen Riruwai kuwa ga hawa ga gangara ga kwana. Direban tsere idan ya ga haka zai shiga rumfar makanikai, mutum kusan 20 su rufar wa motar, cikin daƙiƙa 3 ya fito da tayar ruwa. Direban Golf ɗinmu wace rumfa zai shiga a tsakiyar Falgore? Tayar da ya baro tasha da ita da safe, da ita zai gamu da duk abin da sama ta sauko da shi. Shi ya sa darasin tsere, in ma akwai darasi, kishiyar abin da Malam ya ɗauko ne. Mai tayoyi iri-iri shi ke zaɓa wa kowace sa'a tata. Mai saiti ɗaya tilas ya saya domin ranar da ta fi muni.

Kuma ko ranin ma ba kullum kwalta take a bushe tsaf ba. Akwai yashin da iska ke shimfiɗawa a kwana, akwai gas ɗin da tanka ta tsiyayar, akwai taɓon da tarakta da shanu ke hawowa da shi daga gona. Mafi sharri duka shi ne ruwan farko. Wata da watanni ƙura da baƙin mai da garin roba suna taruwa a kan hanya, yayyafin farko bai isa ya wanke su ba, sai ya dama su. Wannan ranar ce take samun kowa da tayar da ya ce zai canza kafin damina.

Sai maganar Beljiyam. Ban musa ba, a cikin tsibin tayoyin da ake saukewa a Ƙofar Ruwa akan tsinci mai sauran rai. Amma Malam bai tambayi kansa abu ɗaya ba: wa ya cire ta, kuma don me? Bajamushen da ya kai motarsa aka kwance tayar ba sadaka ya yi niyya ba. Ko dai zanenta ya kusa haddin doka, ko ta tsufa, ko ta daki wani abu gefenta ya raunana, ko motar ce ma ta yi haɗari aka farke ta. Sunan kamfanin da ke jikinta yana gaya maka yadda aka ƙera ta, ba ya gaya maka abin da ta gani a rayuwa. Ita fa wannan haja tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, wato ba wanda ya auna ta a hanya, sai dai mai sayarwa ya wanke ta ya goga mata baƙin mai ta yi ƙyalli.

Akwai kuma abin da mai saye ba ya lura da shi. Ka durƙusa ka duba gefen wasu daga cikinsu, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ɗan tauraron ƙanƙara a ciki, zanen kuma cike da ƙananan tsage-tsage kamar an yi da reza. Wannan tayar hunturun Turai ce, an haɗa robarta domin ta yi laushi idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Ita ce ake ɗaura wa Sharon a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma yake haura digiri 40, kwalta kuwa ba a taka ta da ƙafa. Ta yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki ya ƙara nisa. Mai saye kuwa murna yake, ya samu mai zane da yawa. Wata kuma zanen nata ba na kamfani ba ne, wani ne ya zauna da wuƙa mai zafi ya sassaƙa sabo a cikin 'yar robar da ta rage, ya kusantar da waya ga kwalta. Tayar babbar mota akwai wadda aka ƙera da ƙarin kauri domin a sake yanka ta, kuma a rubuce yake a jikinta. Ta ƙaramar mota ba a yi ta don haka ba.

In sunan babban kamfani ne yake sa Malam barci, to ya ji wannan. A watan Yunin 2005, a Indiyanapolis ta Amurka, tayar baya ta motar Ralf Schumacher ta fashe a wata kwana mai gudu lokacin gwaji. Michelin ya bincika, ya fito ya gaya wa ƙungiyoyin da yake ba taya cewa ba zai iya lamunce musu ita a wannan kwanar ba. Ranar tsere motoci 14 suka koma rumfa, 6 kacal masu Bridgestone suka fafata, 'yan kallo na ihu suna jifa da robobin ruwa. Kamfanin ya zaɓi kunyar duniya a kan ya bar mutum ya hau sabuwar tayarsa a inda ba ta dace ba. Mu kuma an zo ana gaya mana mu hau tsohuwarsa da ya manta ya taɓa ƙerawa, saboda sunansa na jiki.

Ban ce kowace sabuwa ce ta ƙwarai ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ta sha kama kwantenonin sababbin tayoyi da aka cusa wasu cikin wasu don rage kuɗin dako, abin da ke lanƙwasa wayar bakinsu tun kafin su ga hanya. Maganin wannan shi ne a iya karatun taya, kuma ba ya buƙatar digiri. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana cewa wa'adin taya shekara 4 ne, wasu kamfanonin kuma suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai 5, kada ta wuce 10 ko da zanenta na nan. Ana iya jayayya a kan wannan, amma a ƙasa mai zafi irin tamu wanda ya karkata ga gajeren wa'adi bai yi wauta ba. Akwai kuma lamba da harafi a ƙarshen girman tayar, kamar 91H. Lambar 91 na nufin kilo 615 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka, H kuma kilomita 210 a awa. Harafin ne ke ruɗin samari, su ga V ko W su ce sun samu ta tsere. Lambar ce ta shafe mu. Ka lissafa ƙaramar mota da mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, buhunan masarar Doguwa a but har murfi ya ƙi rufuwa an ɗaure da igiya, ka gaya mini nawa ne ke kan kowace tayar baya. Alkawarin gudun da harafin ya yi, ya yi shi ne ga sabuwar taya, mai iska daidai, da kayan da bai wuce ƙima ba. Ɗaya ya faɗi, alkawari ya warware.

Maganar iska ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Malam na da rabin gaskiya: ƙarancin iska ya fi yawanta kisa, domin gefen tayar yana ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ta yi bindiga, kuma mota mai kaya tana son ƙari. Amma ƙarin nan a rubuce yake, a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tanki, adadi na mota wayam da adadi na mota cike. Abin da ake yi a bakin hanya daban ne. Mai faci ya saƙala tiyo, injin na ta tari, ya bar ta tana sha har sai ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya ji ta yi ƙara, sannan ya danna da babban yatsa ya ce ta yi, Oga. Geji in akwai shi ya daɗe da mutuwa. Tayar da aka cika haka tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, tafin hannun nan ya koma yatsu uku, tsakiyar ya riga gefe cinyewa, kuma ramin farko da ta daka da gudu yana iya tsinka zaren cikinta ta fito da ƙulu. Masu tseren Dakar, wanda tun fitowarsa ta farko a ƙarshen 1978 ya ratsa Agadas, suna sauke iska idan za su shiga rairayi su mayar idan sun hau tsandauri, kuma direbobin hamadar Nijar haka suke yi har gobe. Ba wanda a cikinsu yake auna iska da kunne.

Wani abin da gwanayen namu suka gada kuma suke rantsuwa a kai shi ne a sa masu kyau a gaba, a tura suɗaɗɗun baya. Kamfanonin taya akasin haka suke cewa, in biyu kawai za ka iya saya, a ɗaura su a baya. Gaba idan ya zame direba yana ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa ta dawo. Baya idan ya ƙwace a kwana mai ruwa, motar juyawa take yi ta kalli inda ta fito, kuma ba kowane gwani ke iya tare ta ba.

Saura hujjar ƙarshe, wadda ta fi daɗin faɗa a tasha. Na yarda Falgore daji ne da ya yi shekaru da sunan 'yan fashi da ɓarayin shanu, kuma ba direban da ke son tsayawa a cikinsa. To wa ya fi tsayawa a tsakiyar daji, mai lafiyayyar taya da ke tafiya a kilomita 80, ko mai suɗaɗɗiya da ke tsala 130? Ƙusa da tsinin dutse wace suka fi saurin hudawa? In tsoron daji ne hujja, ai hujja ce a kan Malam. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin gudun da ake yi a hanyar nan ba na tsoro ba ne, na rige-rige ne, a riga abokin sana'a isa ga fasinjan da ke tsaye a gaba, a samu a yi sawu biyu kafin magariba. Tun da aka sabunta titin Kano zuwa Zariya, daga Bebeji zuwa Kwanar Dangora ya zama wurin gwada ƙafa. Tsere ne sosai, sai dai ba hular kwano, ba motar asibiti a gefe, kuma 'yan kallon a cikin motar suke zaune. Ninka gudu sau biyu yana ninka nisan birki sau huɗu, jiƙaƙƙiyar hanya kuma ta sake ninka shi. Wannan lissafi bai san gwani ba.

Ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Motar jif ce ta alfarma, ba ta haya ba. Binciken hukumar kiyaye haɗurra ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, direba ya taka birki, mota ta ƙwace ta yi ta wuntsilawa. Bayan wannan ne aka tsananta maganar taya a ƙasar nan, wato abin da Malam yake kira fitina. Abin da ake koya wa direba idan taya ta yi bindiga shi ne ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa a hankali, kada ya kusanci birki sai mota ta lafa. Faɗa da sauƙi. Ƙafar ɗan Adam birki take nema idan ta firgita, shi ya sa ake so kada a kai ga gwajin.

Ajali kuwa ba mai musunsa. Amma malamanmu ba su taɓa cewa tawakkali ya ɗauke wa mutum yin abin da ke wuyansa ba, kuma direban da ke cewa komai nufin Allah ne, shi ne dai yake duba mai da ruwan lagireto kowace safiya, bai taɓa barin tanki wayam ya ce ƙaddara za ta kai shi Jos ba. Me ya sa sai a kan taya imaninsa yake ƙaruwa? Sannan ran da yake tawakkali da shi ba nasa ne shi kaɗai ba. Matar da ta hau a Tudun Wada da goyo za ta asibiti a Kano ba a yi shawara da ita ba.

Matsayina shi ne tayar da za ta bi wannan hanya a saye ta domin ruwan Agusta da zafin Afrilu, mai lambar nauyin da ta yi daidai da abin da ake lodawa da gaske, bas kuma a sa mata mai harafin C da aka yi domin motocin kaya. Wanda ƙarfinsa bai kai sabuwa ba ya sayi ta hannu, ban zage shi ba, amma ya karanta shekararta, ya guji mai tauraron ƙanƙara, ya sa a juya masa cikinta ya ƙirga faci, ya shafa gefenta ya ji ko akwai ƙulu ko tsaga, sannan ya san cewa ya sayi tayar tafiya a hankali ce. A cikin ramin zanen kowace taya akwai ɗan tudu da kamfani ya bari a kan milimita 1.6. Ranar da ya yi daidai da saman zanen, ta gama aiki, ko wane suna ke jikinta.

Da Malam ya juya alƙalaminsa ga mai motar da ke karɓar balas cif-cif amma a ce taya ya ce a lallaɓa zuwa bayan salla, da na sa hannu a ƙarƙashin maƙalarsa. Haka in ya tambayi yadda kayan da doka ta hana suke wuce iyaka kwantena-kwantena, sai a zo a tare direba a Kwanar Dangora a kansu. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suna karɓar kuɗin lodi a kan kowace mota, kuma suna da ikon hana ta layi in ba ta biya ba. Gejin iska mai aiki da ɗan ma'aunin zurfin zane ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. A ajiye su a teburin ɗan kamasho, a auna kafin a kira fasinja, daga watan Afrilu.